Madubin Pentax Papilio II da Aikin Bambance Nau'o'in Mazari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki da hantsi ya san cewa mazari ba iri ɗaya ba ne, domin zai ga ja, ya ga shuɗi, ya ga mai ruwan ɗorawa, wani ƙato, wani kuma siriri ƙwarai. Abin da ido kaɗai ba ya iya nunawa shi ne cewa jajayen nan da suke shawagi a kan ruwa guda suna iya zama nau'i huɗu ko biyar, kowanne da sunansa da halinsa da irin ruwan da yake hayayyafa a ciki. Masana sun tantance fiye da nau'i 6,000 na mazari da danginsa a duniya, kuma abin da yake raba wani nau'i da ɗan'uwansa sau da yawa bai wuce launin ƙafa, ko wani ɗigo a bakin fiffike, ko siririn layin da ya gangaro ta gefen ido ba. A da, mai son ganin waɗannan alamomi sai ya sa raga ya kama ƙwaron ya riƙe shi a hannu. Madubin hangen nesa na Pentax Papilio II, wanda kamfanin Ricoh Imaging na ƙasar Japan yake sayarwa, ya rage wannan buƙata sosai, kuma a kan wannan aiki na kwatanta nau'i da nau'i nake so in auna shi.

Madubin hangen nesa da aka saba da shi an ƙera shi ne don abin da yake can nesa, saboda haka da yawansu ba sa fitar da hoto sarai idan abin ya matso ƙasa da mita biyu ko uku, kuma ko da sun fitar, idon dama da na hagu kowanne yakan ga nasa hoton daban har kan mai kallo ya fara sarawa. Shi Papilio II yana fitar da hoto sarai daga tazarar santimita 50 kacal. Dabarar da aka yi masa ita ce, gilasansa biyu na gaba suna zaune ne a bayan wata taga guda ta gilashi, kuma yayin da mutum yake murza abin saitawa don ganin abu na kusa, gilasan biyu suna matsowa gaba suna kuma kusantar juna, yadda idanu biyu za su haɗu a kan abu guda ba tare da wahala ba. Ana yin sa iri biyu, mai lamba 6.5x21 da mai lamba 8.5x21. Lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Idan aka dubi mazari daga rabin mita da mai lamba 6.5, ana ganinsa tamkar yana tazarar santimita 8 daga ido, idan kuwa daga mita biyu ne, tamkar yana tazarar santimita 30. Nauyinsa kimanin giram 290 ne, don haka ana iya riƙe shi da hannu ɗaya na dogon lokaci, ɗaya hannun kuma yana riƙe da littafin rubutu.

Inda madubin ya fi nuna amfaninsa shi ne a kan jajayen mazari, waɗanda su ne suka fi rikita mai koyo a Afirka da kudancin Turai da Gabas ta Tsakiya. Namijin nau'in da masana suke kira Crocothemis erythraea ja ne jawur tun daga fuska har ƙarshen jela, kuma jelar tasa, wadda a haƙiƙa ita ce cikinsa, tana da faɗi, a baje take kamar an danne ta daga sama. Namijin Sympetrum fonscolombii ma ja ne, yana kuma sauka a wurare iri ɗaya, kuma daga tazarar 'yan taku kaɗan da wuya a ce ga wannan ga wancan. Da madubin a ido kuwa, ƙafafu ne suke fara yanke hukunci, domin na Crocothemis jajaye ne, na Sympetrum kuwa baƙaƙe ne da siririn layi mai ruwan ɗorawa a jikinsu. Sai kuma ɗigon nan mai launi da yake kusa da ƙarshen kowane fiffike, wanda a jikin fonscolombii yake da haske, baƙaƙen jijiyoyi biyu masu kauri sun sa shi a tsakiya, ga jijiyoyin gaban fiffiken kuma jajaye. Mutane da yawa suna dogara da idon fonscolombii, mai ja a sama da shuɗi-shuɗi a ƙasa, amma wannan alama ita kaɗai ba ta isa ba, tunda ƙasan idon Crocothemis ma yakan nuna shuɗi. Abin da ya burge ni shi ne, madubin yana ba mutum damar ya duba ƙafa, ya duba fiffike, ya duba faɗin jela, duk a zama ɗaya na ƙwaron, kuma haɗuwar alamomin uku ce take tabbatar da suna.

Rukunin Trithemis ya ƙara wa lamarin armashi. Trithemis arteriosa ja ne shi ma, amma jelarsa siririya ce, da baƙaƙen tabo a gefenta da suke ƙara yawa wajen ƙarshe, ƙafafunsa baƙaƙe, kuma yana son ƙarshen busasshen tsinke da ya leƙo kan ruwa. Trithemis kirbyi ya fi son sauka a kan dutse a bakin rafi, kuma gindin fukafukansa huɗu yana ɗauke da babban tabo mai ruwan lemo wanda ake hangowa tun daga nesa. Trithemis annulata kuwa launinsa ya karkata ga shunayya, kuma da aka matso da shi ta madubin sai a fahimci dalili: jikin ja ne a ƙasa, sai wata hoda mai shuɗi-shuɗi da namiji yake fitarwa idan ya balaga ta lulluɓe shi, haɗuwar biyun ce ta ba da wannan launi. Dukansu suna da ɗabi'ar sauke fukafukai gaba da ƙasa idan sun natsu a kan tsinke, kuma idan rana ta take sukan ɗaga jela sama su fuskantar da ita ga rana don rage zafin da yake dukan jikinsu. Na daɗe ina kallon wani arteriosa a wannan hali daga tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, ina ganin kansa yana juyawa da sauri yana bin ƙananan ƙwari da suke wucewa, sai ya tashi ya cafko ɗaya ya dawo kan tsinken da ya bari, ana ganin muƙamuƙansa suna aiki har fiffiken abin da ya kama ya faɗo ƙasa. Idanu biyu ne suke kallo a lokaci guda, saboda haka ana ganin zurfin abu da tudunsa, kuma wannan ne ya sa bambancin jela mai faɗi da siririya yake fitowa fili fiye da yadda yake fitowa a hoto.

A Turai da arewacin Asiya akwai wasu 'yan'uwa uku da ake yawan gwada ƙwarewar mai kallo da su. Sympetrum sanguineum ƙafafunsa baƙaƙe ne gaba ɗaya, jelarsa kuma ta tsuke a tsakiya ta kumbura wajen ƙarshe, don haka shi ba ya ba da wahala. Sympetrum striolatum da Sympetrum vulgatum kuwa duka suna da layin ɗorawa a ƙafa, kuma babbar alamar da take raba su tana kan fuska: akwai baƙin layi da ya gitta saman goshi, wanda a jikin vulgatum yake gangarowa ta gefen idanu, a jikin striolatum kuma yake tsayawa bai gangaro ba. Layin nan ƙarami ne ƙwarai, kuma mai madubin da ba ya fitar da hoto sai daga mita uku da wuya ya tabbatar da shi. Da Papilio II ana ganinsa, muddin mutum ya yi haƙuri ya zagayo a hankali har ya fuskanci ƙwaron ta gaba ko ta gefe, bai kuma bari inuwarsa ta faɗa kansa ba.

Siraran mazari, waɗanda masana suka ware a rukunin Zygoptera, su ne suka fi dacewa da wannan madubi, saboda ba sa saurin tashi kuma sukan bari a matso kusa da su. Ana gane su da cewa yawancinsu suna naɗe fukafukai a bayansu idan sun sauka, idanunsu kuma a rabe suke, ɗaya a wannan gefen kai ɗaya a wancan, saɓanin manyan mazari na rukunin Anisoptera da suke shimfiɗa fukafukai kuma idanun yawancinsu suke haɗuwa a tsakiyar kai. Ko a nan akwai masu saɓa ƙa'ida, domin zuriyar Gomphidae manyan mazari ne amma idanunsu ba sa taɓa juna, zuriyar Lestidae kuma sirara ne amma sukan bar fukafukai rabi a buɗe. Jelar kowane mazari tana da gaɓoɓi 10, ana fara ƙirga su daga wajen ƙirji, kuma a cikin shuɗɗan sirara, zanen da yake kan gaɓa ta biyu shi ne abin dubawa. A jikin namijin Coenagrion puella zanen yana da siffar harafin U, a jikin Enallagma cyathigerum kuwa ɗigo ne mai ɗan wuya da ya haɗe da baƙin zoben da yake ƙasansa. Ischnura senegalensis, wanda ya bazu daga Afirka har Japan, saman jelarsa baƙi ne sai gaɓa ta takwas da take haskawa da shuɗi. Mutum yana iya ƙirga waɗannan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da madubin yana tsugune a bakin ruwa, kuma da zarar ya saba da ƙirga su, bayanin da yake karantawa a littattafan gane ƙwari sai ya daina yi masa nauyi.

Akwai wani amfani da ba kowa ne yake tunawa da shi ba. Ɗan mazari yana rayuwa ne a cikin ruwa, wani na 'yan makonni, wani na shekaru, kuma idan lokacin fitarsa ya yi sai ya hau jikin ciyawa, bayansa ya tsage, babban ya fito ya bar ɓawon saɓarsa manne a wurin. Wannan ɓawo shi ne hujja mafi ƙarfi cewa nau'in a wannan ruwan ya girma, ba wucewa kawai ya yi ba. Madubin yana sauƙaƙa neman irin waɗannan ɓawo a cikin ciyayin da ƙafa ba ta iya kaiwa, har ma a gane dogon ɓawon zuriyar Aeshnidae da gajere mai faɗi na zuriyar Libellulidae.

Dole ne kuma a faɗi cewa launi yana yaudara, kuma madubi ba ya maganin wannan sai an haɗa da sani. Duk bayanin da ya gabata a kan maza ne da suka balaga. Matan yawancin waɗannan nau'o'i masu ruwan ɗorawa ne ko ruwan ƙasa, samarin maza ma haka suke kafin launinsu ya nuna, wanda kuma bai daɗe da fitowa daga ruwa ba jikinsa a koɗe yake, fukafukansa suna ƙyalli. A irin wannan yanayi abin da ya rage wa mai kallo shi ne siffar jela, zanen gefen ƙirji, launin ƙafa da ɗigon fiffike, da kuma ƙananan ƙahonnin da suke ƙarshen jela waɗanda suke nuna ko namiji ne ko mace. A ganina a nan ne kusancin santimita 50 ya fi biyan buƙata, domin gane jan namiji mai walƙiya abu ne da kowane madubi mai kyau zai iya taimakawa a kai, amma macen da ta lafe a cikin ciyawa nesa da ruwa sai an matsa mata sosai.

Labarin ya sauya idan aka zo kan waɗanda ba sa sauka. Anax imperator, mai tsawon kusan santimita 8, yakan yi ta kai da kawowa a saman tafki na tsawon lokaci ba tare da ya huta ba. Alamominsa manya ne: koren ƙirji, shuɗiyar jela mai baƙin layi a tsakiya, jelar kuma a ɗan lanƙwashe ƙasa yayin tashi. 'Yan'uwansa biyu, Anax parthenope da Anax ephippiger, duka masu ruwan ƙasa ne da shuɗin tabo a gindin jela, kuma launin ido ne yake taimakawa wajen raba su, kore a jikin parthenope, ruwan ƙasa a jikin ephippiger. Ganin launin idon ƙwaron da yake gudu a iska yana buƙatar a kama shi cikin madubi kuma hoton ya fita sarai a daidai wannan lokaci. Abin saitawar Papilio II an yi shi ne don a daidaita hoto a hankali a tazara ta kusa, don haka yana buƙatar murzawa da dama kafin a tashi daga rabin mita zuwa nesa, kuma wannan tsari da yake alheri ga mai kallon ƙafar Sympetrum yana jinkirta mai bin Anax. Dabarar da take aiki ita ce a lura da hanyar da ƙwaron yake maimaitawa, a saita madubin tun da wuri a kan wani kara da yake kan hanyar, sannan a jira lokacin da zai tsaya cak a iska na ɗan lokaci.

Haka abin yake ga Pantala flavescens, wanda masanin ƙwari Fabricius ya ba wa suna a 1798, kuma yana cikin mazarin da suka fi bazuwa a duniya. Launinsa ruwan ɗorawa ne mai ɗan ja, fukafukansa na baya suna da faɗi sosai a gindi, abin da yake ba shi damar lilo a iska ba tare da kaɗa su da yawa ba, kuma yakan zo ne cikin ayari tare da iskar damina ya zuba ƙwai a kududdufan da ruwan sama ya bari, inda 'ya'yansa suke girma cikin makonni kaɗan kafin ruwan ya ƙafe. A 2009 masanin halittu Charles Anderson ya wallafa bincikensa a kan yadda ayarin wannan mazari yake isa tsibiran Maldives daga Indiya, a kan hanyar tsallaka teku zuwa gabashin Afirka. Irin wannan ƙwaro an fi gane shi da yanayin tashinsa, kuma ido kaɗai yakan wadatar, sai dai idan an dace da shi yana rataye a jikin reshe da yamma, a nan madubin zai nuna faɗin fiffiken nan da kyau.

Akwai kuma iyakar da babu madubin hangen nesa da zai tsallake ta. Mazan rukunin Orthetrum idan sun tsufa shuɗiyar hoda takan rufe zanen jikinsu, har nau'o'i da yawa su koma kama da juna. A Turai ɗigon fiffike yana taimakawa, baƙi a jikin cancellatum, ruwan ɗorawa a jikin coerulescens, kuma a Afirka chrysostigma yana da farin layi a gefen ƙirji da jela mai tsukakken ƙugu, amma da yawa daga cikin nau'o'in Afirka ba a tabbatar da su sai an duba al'aurar namiji da take ƙarƙashin gaɓa ta biyu da gilashin ƙara girma na hannu. Misali mafi kyau shi ne mazarin nan mai baƙin ɗamara a fukafukai da yake bin ƙafafun shanu da mutane a bakin manyan tafkuna, yana cafke ƙwarin da suka tayar. An daɗe ana ɗaukarsa nau'i ɗaya, Brachythemis leucosticta, sai a 2009 masana biyu, Dijkstra da Matushkina, suka nuna cewa nau'i biyu ne, suka ware Brachythemis impartita, kuma alamar da ta fi raba mazansu tana ƙarƙashin gaɓa ta takwas, wurin da ƙwaron da yake zaune a ƙasa ba zai taɓa nuna wa mai kallo ba. Mai aikin bincike na sosai har yanzu yana buƙatar ragarsa, sai dai madubin zai rage masa yawan waɗanda zai kama.

Game da zaɓi tsakanin iri biyun, ni mai lamba 6.5 nake ba da shawara a kai, duk da cewa zuciya takan karkata ga lamba mafi girma. Faɗin filin da yake nunawa digiri 7.5 ne, na mai lamba 8.5 kuwa digiri 6, wato daga tazarar mita biyu na farko yana nuna wuri mai faɗin kimanin santimita 26, na biyu kimanin 21, kuma wannan bambanci yana da tasiri idan ana neman ƙwaron da ya canza tsinke. Rawar hannu ma ba ta bayyana sosai a ƙaramar lamba. Sannan hasken da yake isa ido ya fi yawa, domin ana gane faɗin hasken da yake fitowa zuwa ido ne ta hanyar raba lamba ta biyu da ta farko: idan aka raba 21 da 6.5 ana samun milimita 3.2, idan aka raba da 8.5 kuwa milimita 2.5 ne. Mai lamba 8.5 ya fi dacewa da wanda yawancin kallonsa daga gaɓar babban kogi ne, inda ba a iya matsowa kusa.

Gilashin gaba mai milimita 21 ƙarami ne, kuma da rana tsaka, lokacin da yawancin mazari suke fitowa, wannan ba ya rage komai, hoton yana da haske kuma launuka suna fita daidai, abin da yake da muhimmanci ga mai son raba ja da shunayya. A cikin inuwar kurmi ko da almuru kuwa, lokacin da nau'o'in Gynacantha suke farauta, hoton yakan dushe, kuma mai irin wannan aiki zai fi samun biyan buƙata da madubi mai gilashin milimita 32 ko 42. Wani abin lura shi ne, Papilio II ba a ƙera shi ya jure ruwa ba, alhali aikin mazari duk a bakin ruwa ake yinsa, saboda haka igiyarsa ta zauna a wuya koyaushe, kuma a sa shi cikin jaka da zarar an fara yayyafi. Masu sa tabarau za su iya amfani da shi idan suka murza robar bakin ido ta koma ciki, kuma a ƙasansa akwai ramin ɗaura shi a kan sandar kyamara mai ƙafa uku, wanda yake da amfani ga mai son zama ya kalli yadda ɗan mazari yake fita daga ɓawonsa tun daga farko har ya buɗe fukafukai.

Wani zai ce kyamara ta fi, tunda hoto yana zama hujja da wasu za su duba su tabbatar. Wannan gaskiya ne, kuma bayanan da ake tarawa suna da daraja a yanzu fiye da da, ganin cewa a 2021 ƙungiyar IUCN, mai kula da kiyaye halittu a duniya, ta bayyana cewa kashi 16 cikin 100 na nau'o'i 6,016 da ta auna suna fuskantar barazanar ƙarewa, musamman saboda lalacewar fadamu da koguna. Amma hoton da aka ɗauka ba tare da an san abin da ake nema ba yakan fito da bayan ƙwaron alhali alamar tana fuska, ko ya fito da fiffike alhali ƙafa ake buƙata. Wanda ya fara dubawa da madubi ya ga cewa Sympetrum ne a gabansa ya san goshi zai ɗauka, wanda ya ga Orthetrum ya san gefen ƙirji da ƙasan gaɓa ta biyu zai nema, wanda kuma ya ga shuɗin siriri ya san daga sama zai ɗauko shi don zanen gaɓa ta biyu ya fito.